Gida Ɗaya, Gari Biyu: Haƙƙin Dangin Da Ke Nesa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. 

Maganarmu ta wannan mako a kan wata mas'ala ce da ta shafi gidaje masu yawa a ƙasar Jega da Aliero da Maiyama, ko da yake ba kasafai ake kawo ta gaban malamai ba sai ran da rabon gado ya tashi. Ita ce mas'alar gidan da ya rabu biyu, watau kaka ɗaya ne, amma rabin zuriyarsa na nan bakin gulbin Zamfara, rabi kuwa na can Kumasi ta ƙasar Gana, tafiyar da ta haura kilomita 1,000 a mota. To, in an shekara hamsin ko ɗari ba a ga juna ba, harshe ya ɗan sauya, fasfo ya bambanta, kowane ɓangare kuma yana da nasa labarin yadda aka rabu, shin har yanzu gida ɗaya ne a wurin Allah? In kuwa gida ɗaya ne, wa ya kamata ya tashi ya nemi wani?

YADDA AKA RABU

Kafin mu shiga hukunci ya kyautu mu san yadda abin ya faru, domin ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimce shi.

An kafa garin Jega wajen shekarar 1820, a hannun Buhari ɗan Malam Abdussalami na Gimbana, bayan rikicin Kware wanda ya yi sanadin rasuwar mahaifinsa a 1818. Tun asalinsa ke nan gari ne na mutanen da suka taso daga wani wuri. Ba a daɗe ba kasuwarsa ta shiga sahun manyan kasuwannin ƙasar Hausa, sabo da tana kan hanyar fataken Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya ƙara guzuri da jakuna, ya haye Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Sansanin Mango da Yandi, har ya sauka Salaga. Da kanwa da baƙin rini da jemammun fatu ake tafiya, a komo da goro. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida, wani lokaci har shekara guda.

Mutumin da ke shafe rabin rayuwarsa a wani gari tilas ya sami masauki, daga masauki kuwa sai aure, domin ya tsare addininsa da mutuncinsa. Ta haka falke ɗaya ya zama mai gida biyu, uwargida a Jega, amarya a Salaga. Wannan kuwa halal ne, ba wanda ya ga aibinsa a lokacin, domin ayari na zuwa na dawowa. Madugu shi ne gidan waya, shi ke ɗauko wasiƙa da saƙon goro da labarin haihuwa da na rasuwa.

Abin da ya raba gidajen nan shi ne mutuwar hanyar kanta. A 1874 Turawan Ingila suka ƙone Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya karye, ciniki ya rikice. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a Salaga, baƙin fatake suka watse, wasu Kete-Karachi, wasu Yeji da Kintampo, daga baya da yawa suka gangara Kumasi bayan da Turawa suka mallake ta, suka cika unguwar Zango. A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga Ikko, goro ya koma bin jirgin ruwa da dogo, sa'an nan aka yawaita shuka shi a ƙasar Yarabawa, kasuwarsa ta koma Agege da Shagamu da Ibadan. Jaki ya rasa aikin yi, madugu ya ajiye sandarsa, wasiƙa ta daina zuwa. Ga kuma iyakokin da Ingila da Faransa da Jamus suka shata, waɗanda suka mayar da hanya ɗaya ta zama ta ƙasashe uku ko huɗu.

Bayan samun mulkin kai ma ba a tsira ba. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardun zama mako biyu su fita. Magidanta da yawa suka komo Nijeriya suka bar mata da 'ya'ya a can, wasu samari kuwa aka sauke su a garin da ba su taɓa gani ba aka ce musu ga gidanku nan. A watan Janairu 1983 ita ma gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, akasarinsu mutanen Gana. Kowace kora daga cikin biyun nan ta tsinka igiyoyin da suka rage.

Irin wannan ta faru ta gabas, ga waɗanda suka tafi aikin Hajji da ƙafa suka tsaya Sudan neman guzuri, da waɗanda suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, har aka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Kada kuma mai karatu ya ɗauka tsohon labari ne. Yau ɗin nan dillalan albasa da masu ɗori na Aliero, da 'yan cirani na Maiyama, suna kafa gida na biyu a Ikko da Ibadan da Fatakwal. Abin da muke faɗa a kan kakanni, gobe a kan jikokin waɗannan za a faɗe shi.

LABARI BIYU NA MUTUM ƊAYA

In ka zauna da tsofaffin gidan da ke nan, abin da za ka ji yakan kasance haka: kakanmu ya tafi Gwanja, wata mace ta riƙe shi, ya mance da uwargidansa da 'ya'yansa, aka sha wuya kafin a tashi. In kuwa Allah Ya kai ka Zangon Kumasi ka zauna da jikokin wancan ɗaki, sai ka ji wani abu dabam: kakanmu mutumin Jega ne, har ya rasu yana ambaton gida, ya yi aike ba a amsa ba, da babanmu ya je neman dangi aka karɓe shi kamar mai neman sadaka. Mutum ɗaya ake magana a kansa, amma kamar biyu.

Wane ne mai gaskiya? Sau da yawa dukansu ne. Uwargidan da ta raini yara ita kaɗai ba ƙarya ta yi ba, wuyar da ta sha gaskiya ce. Yaron da ya ga ubansa yana hawaye in an ambaci Jega shi ma ba ƙarya ya yi ba. Kowannensu ya faɗi abin da idonsa ya gani, idonsa kuwa rabin rayuwar mutumin kaɗai ya gani. Laifin yana farawa ne ran da mai rabin labari ya ɗauke shi a kan cikakke, ya yanke wa mamaci hukunci da shi, ya kuma gadar wa 'ya'yansa ƙiyayyar mutanen da ba su taɓa gani ba. Alƙali ba ya hukunci sai ya ji ta bakin ɓangare biyu. Yaya jika zai hukunta kakansa da shaidar ɗaki ɗaya? Allah Ya hore mu da bin diddigin labari da nisantar yawan zato a Suratul Hujurati, aya ta 6 da ta 12, kuma an hana mu zagin matattu. Kakan da ke kabari ya fi kowa cancantar wannan kariya daga bakin jikokinsa.

Sabo da haka ra'ayina a nan shi ne, tarihin gidan da ya rabu amana ce da aka damƙa wa mutum biyu, kowane na riƙe da rabi, ba kuwa wanda ya sauke nauyin amanar sai ya kai rabinsa wurin ɗan'uwansa an haɗa.

Dubi Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Gidansu ya rabu tsakanin Kan'ana da Masar shekaru masu yawa, kuma a wannan karon akwai masu laifi na sosai, ba zato ba ne. Amma da Allah Ya haɗa su, sai ya fara ɗauke musu zargi, sa'an nan da ya zo ba da labari gaban mahaifinsa ya ambaci fitarsa daga kurkuku ya tsallake rijiya, ɓarnar da ta auku kuwa ya jingina ta ga Shaiɗan. Mai so ya duba aya ta 92 da ta 100 a surar. Bai yi ƙarya ba, bai kuwa zaɓi abin da zai kunyata 'yan'uwansa ba. Haka ake ba da tarihin gida in ana son gidan ya ɗore.

GIDAN MANZON ALLAH MA GARI BIYU NE

Wanda ya karanta sira ya san labarin Hashimu ɗan Abdu Manafi, kakan mahaifin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Falke ne mai zuwa Sham. A hanya ya sauka Yasriba, watau Madina, ya auri Salma 'yar Amru ta Banu Najjar, ya wuce da fataucinsa, ajali ya riske shi a Gazza. Salma ta haifi ɗa aka sa masa Shaiba, ya tashi cikin kawunnansa, nesa da Makka. Wannan fa shi ne labarin falken Jega da amaryar Salaga, ba ragi ba ƙari.

To, me dangin uba suka yi? Baffansa Muɗɗalibu, da ya ji labarin yaron, bai ce kowa ya bar gida gida ya bar shi ba. Ya ɗaura wa raƙuminsa sirdi, ya tafi Yasriba da kansa, ya roƙi uwar, ya ɗauko ɗan ɗan'uwansa. Da suka shigo Makka mutane suka ga baƙon yaro a bayansa suka zaci bawa ne ya sayo, shi ya sa sunan Abdul Muɗɗalibi ya bi shi. Yaron nan da aka yi wa kallon bare shi ya zama shugaban Ƙuraishawa, shi ya tone rijiyar Zamzam, shi ne kuma kakan Fiyayyen Halitta.

Igiyar kuma ba ta tsinke ba daga baya. A Yasriba Abdullahi mahaifin Annabi ya rasu. Amina ta kai ɗanta can ziyara yana ɗan shekara 6, a hanyar komowa ta rasu a Abwa'i. Ran da ya yi hijira kuwa cikin Banu Najjar ya sauka, a gidan Abu Ayyuba. Zumuncin da aka riƙe tun zamanin kakan kaka, shi Allah Ya sa ya zama masauki ranar bukata.

Har ila yau Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Zarrin cewa Annabi ya yi wa sahabbai wasiyya da kyautata wa mutanen Masar in sun buɗe ta, ya kuma ambaci zumunci cikin dalilan haka. Malamai suka ce ana nufin Hajara mahaifiyar Annabi Isma'ilu, wadda mutuniyar Masar ce. In dangantakar da ta yi ƙarnoni masu yawa tana da haƙƙi, ina ga ta shekara ɗari?

INDA SHARI'A TA SA HANNU

Wani zai ce duk wannan kyautatawa ce, in an yi an sami lada, in an bari ba laifi. A'a. Akwai wurare uku da rashin sanin dangi ke jefa mutum cikin haram kai tsaye.

Na farko gado. Abubuwan da ke hana gado a mazhabar Imamu Malik sanannu ne, kamar saɓanin addini, da kisan gilla, da rashin tabbatar nasaba, da shakkar wanda ya riga mutuwa. Nisan gari ba ya cikinsu, bambancin ƙasa ko fasfo ba ya cikinsu, rashin aiko da saƙo ma ba ya cikinsu. Alal misali, mutum ya rasu ya bar mata biyu. A Jega akwai uwargida da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya, a Kumasi akwai amarya da ɗa namiji ɗaya da mace ɗaya. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, sai a kasa dukiyar kashi 64. Matan biyu su raba sumuni, watau kashi 8, kowace 4. Kowane ɗa namiji ya sami 14, kowace 'ya mace 7. In ka haɗa, ɗakin Jega na da 39, ɗakin Kumasi na da 25. Fiye da sulusin gonar nan ke nan da ake nomawa a fadama, da filin nan da ake son sayarwa a bakin titi, na mutanen da ba a ko shaida musu an yi rabo ba. In kuma magadan farko sun mutu, rabonsu ba ya bin su kabari, yana gangarawa ne ga nasu magadan, abin da malaman gado ke kira munasaka. Haka nan kuma gidan da mamacin ya gina a Zangon Kumasi, 'ya'yan Jega na da kashi 39 a cikinsa. Hukuncin bai san gefe ba.

Na biyu aure. Suratun Nisa'i, aya ta 23, ta jera matan da aka haramta, cikinsu har da 'yar'uwa ta wajen uba, da 'yar ɗan'uwa, da gwaggo. A da nisa kan kare mutane daga haɗuwa. Yau kuwa samarinmu na bin motocin kaya har kasuwannin Gana, suna haɗuwa da 'yan Zango a jami'o'i da wurin aikin Hajji da ta wayar hannu. Uban da ya ɓoye wa iyalinsa cewa yana da 'ya'ya a wani gari ya haƙa rami a hanyar zuriyarsa. Ga kuma walicci: yarinyar da ubanta ya rasu a can, ba ta da ɗan'uwa namiji ko kaka, mai yiwuwa baffanta da ke Aliero shi ne mafi cancantar ba da aurenta, alhali bai san an haife ta ba.

Na uku hukuncin wanda ya ɓace. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ba wata makarantar zaure da ba a karanta ta a ƙasar nan, ta yi bayaninsa. Matarsa takan kai ƙara, alƙali ya bincika, in ba a sami labarinsa ba a yanka mata shekara 4, sa'an nan ta yi takaba. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai ya kai shekarun da galibi irinsa ba ya wuce su, abin da malamai suka ƙiyasta da 70, wasu 75, wasu 80. Abin lura shi ne, shari'a ta sa bincike a gaba da kome. Ba ta yarda a ce wane ya daɗe, a share sunansa a ci gonarsa ba.

Domin irin waɗannan dalilai ne ya zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Abu Huraira cewa a nemi sanin nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Wannan shi ne ma'aunin. Sanin asali don alfahari aikin jahiliyya ne, saninsa don a ba kowa haƙƙinsa ibada ce.

UZURORIN DA AKAN KAWO

Akwai maganganu huɗu da akan ji in an taso da wannan zance, kuma kowace tana da ɗan abin dubawa a cikinta.

Ta farko: su suka tafi, su ya kamata su nemi gida. Amsa ita ce, wanda ya tafi ya riga ya mutu, waɗanda ke can haihuwarsu aka yi, ba su zaɓa ba, kamar yadda kai ma ba ka zaɓi a haife ka nan ba. Kuma Buhari ya ruwaito hadisin da ke nuna cewa ramuwar ziyara da ziyara ba ita ce cikar sada zumunci ba, cikarsa ita ce ka sadar da wanda ya yanke maka. Ƙari a kan haka, na gida sun fi sanin hanya, su ke riƙe da sunayen kakanni, da kufan gida, da gona. Wanda dukiyar wani ke hannunsa shi ke neman mai ita, kamar mai tsintuwa.

Ta biyu: uwarsu ba tamu ba ce, ko Hausarsu ma ba irin tamu ba ce. Wasu har sukan rage murya su ce ai ƙwarƙwara ce. Gaskiya ne Salaga kasuwar bayi ce a wancan zamani, gaskiya ne kuma fatake sun auri matan Gwanja da Dagwamba da wasunsu. Amma a shari'a ɗa na ubansa ne, ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, rabonsa daidai da na ɗan uwargida. Ibrahimu ɗan Manzon Allah, Mariya mutuniyar Masar ce ta haife shi. Ko da ma an tarar wasu daga cikin zuriyar sun bar Musulunci, gado ne ya faɗi, kyautatawa ba ta faɗi ba, domin Annabi ya umurci Asma'u 'yar Abubakar ta sadar da mahaifiyarta alhali ba ta musulunta ba.

Ta uku: in aka buɗe wannan ƙofa, kowane mayaudari zai zo ya ce shi jikan gidan ne. Wannan tsoro yana da tushe, kuma shari'a ba ta ce a gaskata kowa ba. Hasali ma ta yi kashedi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba. Nasaba tana tabbata da shaidu adilai, ko da iƙirarin uba, malaman Malikiyya kuma sun karɓi shaidar ji, watau labarin da ya bazu a bakin amintattu da wasunsu tun da daɗewa. Limaman Zango da masu unguwanni da tsofaffin da suka halarci ɗaurin aure da suna, duk hanyoyi ne na bincike. Tsoron jabu dalili ne na a bincika da kyau, bai zama dalilin a ƙi karɓar kuɗi gaba ɗaya ba.

Ta huɗu ita ce mafi nauyi: mun shekara sittin muna noman gonar nan, mu muka share ta, mu muka tsare ta, yanzu a ce mu raba da wanda bai taɓa riƙe fartanya a cikinta ba? Wanda ya faɗi haka a tausaya masa, domin gumi ba wasa ba ne, kuma alƙali na iya duba wahalar da aka yi da ginin da aka ɗora. Akan kuma kafa hujja da hauzi, watau daɗewar abu a hannu. Amma hauzi na da sharuɗɗa: mai haƙƙin ya kasance yana nan, yana gani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba. Wanda ke wata ƙasa mai nisa, bai ma san an yi rabo ba, ba a kafa masa hujja da shirunsa. Ko da kuwa hauzi ya rufe bakin mai ƙara a kotu, ba ya mayar da haƙƙin wani ya zama halal a wurin Allah. Hanyar tsira a nan ita ce sulhu. Sau da yawa in aka je wa na nesa da gaskiya aka ce ga rabonku, sai su yafe, ko su karɓi kaɗan, domin abin da suka fi nema shi ne a ce da su 'yan gida. Amma yafewa ta mai haƙƙi ce. Ba ka yafe wa kanka abin wani.

ABIN DA ZA A YI

A darasin Larabci akwai babin da ake kira nisba, inda ake liƙa wa sunan gari harafin ya'u a jingina mutum gare shi. Babban malamin nan Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ga yadda aka san sunansa a littattafai: Umar ɗan Abubakar ɗan Usman, al-Kabawi, al-Kanawi, as-Salagawi. Kabi ƙasar kakanninsa, Kano mahaifarsa, Salaga mazauninsa. Bai jefar da ko ɗaya ba, ya jera su ne bi da bi, har yau duk wanda ya karanta sunan ya san hanyar da gidan ya biyo. Yana saurayi kuma ya wallafa littafi a kan yadda ake rubuta wasiƙa, domin ya san jama'ar da ke warwatse da wasiƙa take rayuwa. Wannan ita ce tarbiyyar malamanmu na da, mu kuwa da muke da wayar hannu a aljihu ba mu da uzurin da su suke da shi.

Sabo da haka ga shawarwari. Kowane gida ya sa wani mai rubutu ya zauna da tsofaffi, musamman mata, domin su suka fi riƙe sunaye, ya rubuta wa ya haifi wa, wa ya tafi ina, a wace shekara ko zamanin wane sarki. A bincika gafakar malamai da bangon Alƙur'anin gida, inda magabata kan rubuta haihuwa da rasuwa, da tsofaffin wasiƙun ajami. A ba direbobi da 'yan kasuwa masu zuwa can saƙo zuwa ga limami ko sarkin Zango. In an sami dangi a fara da sallama da gaisuwa, domin malamai sun ce mafi ƙarancin sada zumunci shi ne barin ƙaura da yin magana, ko da sallama ce. Kada a fara da zancen gona. A saurari nasu labarin har ƙarshe ba tare da gardama ba, a rubuta shi kusa da namu. Bayan zukata sun natsu sai a kira malamin da ya san rabon gado a fitar wa kowa da nasa, a yi sulhu a rubuce gaban shaidu.

Ku kuma magidanta da kuke da iyali a Ikko ko Kumasi ko wani gari a yau, ku ji tsoron Allah, ku bayyana. Ku rubuta sunayen matanku da 'ya'yanku duka ku ba amintattu biyu. Ku riƙa kawo yaran can su yi salla a nan, ku kai na nan su ga can. Fushin uwargida na kwana kaɗan ya fi sauƙi a kan shari'ar jikoki.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Kakanninmu sun taka ta da jaki wata da watanni, cikin daji da 'yan fashi. A Suratu Muhammad, aya ta 22 da ta 23, Allah Ya haɗa yanke zumunci da ɓarna a bayan ƙasa, Ya kuma yi wa masu yinsa narko mai tsanani. Ranar da za a tara na farko da na ƙarshe, kakan nan zai tsaya da zuriyarsa duka, na Jega da na Kumasi, wuri ɗaya, ba iyaka ba fasfo. Ya fi kyau a san juna tun a nan, a kuma warware haƙƙoƙi tun ana biya da gona da kuɗi, kafin ranar da ba a biya sai da lada.

Allah Ya gafarta wa magabatanmu, waɗanda ke kwance a nan da waɗanda ƙasar wani wuri ta rufe. Allah Ya haɗa kan zuriyarsu, Ya tsare mu daga cin haƙƙin wani da sani ko da rashin sani. Kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.